Ikon da Ya Ta da Yesu da Zamanmu na Yau da Kullum: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina koyar da ajin baftisma a sashen Hausa na ikkilisiyarmu. Abin da na lura shi ne, tambayoyin da suka fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya ba a cikin aji ake yin su ba. Sai an tashi, ana kwashe benci, sannan wani zai matso ya ce, "Malam, ina da 'yar magana." Irin waɗannan 'yan maganganu na tara a nan, na zaɓi waɗanda suka shafi tashin Ubangiji daga matattu da yadda mai bi zai yi zamansa. Na bar tambayoyin kusan yadda aka yi mini su. Ayoyin kuwa ma'anarsu na kawo da bakina, saboda haka ka buɗe Littafinka ka duba da idonka.

Malam, kullum a wa'azi ana cewa "ikon tashi". Mene ne shi takamaimai?

Shi ne ikon da Allah ya yi aiki da shi ranar da ya ta da Yesu daga kabari. Manzo Bulus ya yi maganarsa a Afisawa 1:19-20, ya ce wannan iko mai girma yana aiki ne domin mu masu ba da gaskiya. Akwai abu guda a wurin da mutane suke tsallakewa. Bulus bai roƙi Allah ya aiko wa Afisawa ikon ba. Roƙonsa shi ne idanun zuciyarsu su buɗe su san shi. Wato an riga an ba su, saninsa ne ya yi musu ƙaranci. Kamar yaron da mahaifinsa ya rasu ya bar masa fadama, amma yana can yana ƙwadago a gonar wani domin ba wanda ya nuna masa iyakar tasa.

Kada kuma ka ɗauke shi kamar kayan da ake aunawa a kwalba. Romawa 8:11 ta ce Ruhun wanda ya ta da Yesu yana zaune a cikin mai bi. Ikon da Mai ikon tafiyarsu ɗaya.

Ai an ta da Li'azaru ma. Me ya bambanta tashinsa da na Yesu?

Li'azaru ya dawo cikin tsohon rai ne, ya ci gaba da tsufa, daga baya aka sake yi masa jana'iza. Yesu ya tashi ba zai ƙara mutuwa ba, mutuwa ba ta da sauran iko a kansa (Romawa 6:9). Shi ya sa aka kira shi nunan fari. Kowane manomi ya san in damin farko ya shigo gida, sauran gonar tana tafe.

Wannan abu ya faru kusan shekara 2,000 da suka wuce. Me ya haɗa shi da yadda nake zama da matata?

Ka tuna ranar da aka yi maka baftisma. An tsoma ka cikin ruwa har ka ɓace, sannan aka ɗago ka. Romawa 6:3-4 ta fassara abin da aka yi: an binne ka tare da Almasihu, domin yadda aka ta da shi, kai ma ka yi tafiya cikin sabon rai. Mutumin da ya saba ɗaga wa matarsa hannu, shi aka binne a rafin nan. Tambayar ita ce, wa ya koma gida?

Ina son Kolosiyawa sura 3 saboda yadda take saukowa ƙasa da sauri. Aya ta 1 tana sama, inda Almasihu yake zaune a dama ga Allah. Kafin ka wuce aya ta 9 an riga an shigo tsakar gida: fushi, ƙeta, yanke, zancen batsa, yi wa juna ƙarya. Daga aya ta 18 kuma sai miji da mata, iyaye da 'ya'ya, bara da maigida. An ce wa maza su ƙaunaci matansu, kada su yi musu zafi. An ce wa ubanni kada su tsananta wa 'ya'yansu har su karai. Bulus bai canza zance ba, maganar tashi yake yi har yanzu.

Haka ma 1 Korintiyawa 15. Aya 58 cur a kan tashin matattu, ta ƙare da cewa a tsaya daram a yawaita aikin Ubangiji. Sura ta 16 ta buɗe da me? Da tara gudummawa domin 'yan'uwa matalauta na Urushalima. Daga kabarin da ba kowa a ciki zuwa kwanon baiko, ko numfashi bai sauke ba.

Amma Malam, Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. Ni haka aka haife ni da zuciya, haka babana yake. Zan iya canzawa?

Karin maganar nan tana da gaskiyarta. Masu hikima sun daɗe suna kallon ɗan Adam, sun ga nasiha ba ta goge hali, duka ba ya gogewa, tsufa ma sau da yawa ƙara masa zurfi yake yi. In da dabarar mutum ce kaɗai a fili, da na ce ka haƙura.

Sai dai bishara ba ta yi alkawarin kankare dutsen ba. Tun a bakin Annabi Ezekiyel (36:26) Allah ya ce zai cire zuciyar dutse ya sa ta nama. Dubi mutanen da abin ya faru a kansu. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, har a gaban baranya. Bayan kwana hamsin da 'yan kai, shi ne ya miƙe a tsakiyar Urushalima ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka tuba. Shawulu, wanda daga baya aka fi sani da Bulus, ya fita da takardun kama masu bi a Dimashƙu, ya shiga garin ana jansa da hannu, ya fito yana shelar sunan da ya zo shafewa. Ikkilisiyar Koranti kuwa, Bulus ya jera musu ɓarayi, mashaya, masu zage-zage, mazambata da fasikai, sannan ya ce haka waɗansunsu suke a dā, amma an wanke su (1 Korintiyawa 6:9-11). Kalmar "a dā" ɗin nan ita ce amsarka.

Ban ce za ka wayi gari ka zama salihi kamar tunkiya ba. Bitrus bai daina zama mai saurin baki ba, an dai karkatar da bakin ne. Shi wannan Bitrus ɗin, shekaru bayan wa'azin nan nasa na ranar Fentikos, tsoron mutane ya sake kama shi a Antakiya har ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sai da Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a (Galatiyawa 2:11-14). Tsohon zanen yakan leƙo. Amma "haka nake" ba hujja ba ce a bakin wanda aka binne aka tayar. Na kuma lura masu cewa ba sa iya riƙe zuciyarsu, suna riƙe ta sarai a gaban soja a shingen hanya. A gida ne take kuɓucewa.

An yi mini baftisma shekara uku ke nan, amma har yanzu ina faɗawa cikin abin da na bari. Ko tubana bai karɓu ba?

Damuwar da ta kawo ki wurina, 'yar'uwa, ita kanta alamar rai ce. Gawa ba ta jin ciwo.

Romawa 6:12 ta ce kada mu bar zunubi ya yi mulki a jikinmu. In da ya ɓace gaba ɗaya, ba za a gargaɗe mu ba. Sarki ne da aka tuɓe wa rawani, amma bai bar gari ba, yana nan yana tsawa da tsohuwar muryarsa, ƙafa kuwa ta saba rusunawa. Aikinki shi ne ki tuna ba shi da sauran hurumi a kanki.

In kin faɗi, hanyar a buɗe take: ki furta, shi mai aminci ne zai gafarta ya kuma tsarkake (1 Yohanna 1:9). Ki yi shi a ranar, kada ki jira sai kin ji kin cancanta. Akwai bambanci tsakanin wanda ya zame ya faɗa cikin taɓo da wanda ya shimfiɗa tabarma a ciki. Na farko yana neman ruwa. Na biyu yana neman ayar da za ta ba shi izinin kwanciya.

Ki kuma dubi ƙofar da abin yake shigowa. In waya ce da tsakar dare, ta kwana a wani ɗaki. In wata ƙawa ce, a rage zama. In hanyar gidan burkutu ce, akwai wata hanyar zuwa kasuwa ko da ta fi nisa. Yusufu bai tsaya yin addu'a a ɗakin matar Fotifar ba, rigarsa ya bari ya ruga.

To bangaskiya ce ke yin aikin, ko ƙoƙarina?

Akwai maganar da ake yawan yi, wai Allah ya ce tashi in taimake ka. Ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma a zancen ceto a juye take. Afisawa 2:5 ta ce muna matattu cikin laifofinmu ya rayar da mu tare da Almasihu. Matacce ba ya fara tashi sannan a taimake shi.

Amma wanda aka tayar, tafiya yake yi. Filibiyawa 2:12-13 ta haɗa biyun a wuri guda: ku yi ta aikata cetonku, gama Allah ne yake aiki a cikinku, shi ke ba da niyya, shi ke ba da aikatawa. Bitrus ma haka ya jera. Ya fara da cewa ikon Allah ya ba mu duk abin da ake bukata domin rai da ibada (2 Bitrus 1:3), sannan ya ce saboda wannan a ba da himma a ƙara wa bangaskiya nagarta, sani, kamun kai, jimiri, har zuwa ƙauna. Manomi ba ya saukar da ruwa, ba ya kuma tsirar da iri. Duk da haka wanda ya kwana a gindin bishiya lokacin noman farko, ciyawa zai girba.

Bangaskiyar da ake nufi tana da aiki takamaimai. Romawa 6:11 ta ce ka lasafta kanka matacce ga zunubi, rayayye ga Allah. Lissafi ne, irin na ɗan kasuwar da ya duba littafinsa ya ga an biya masa bashi, sai ya daina ɓuya in ya hango mai binsa. Lokacin da jaraba ta taso, ka faɗa wa kanka abin da Allah ya riga ya faɗa a kanka, ka roƙi taimako a take, sannan ka ɗaga ƙafa.

Dole ne in ji wani abu a jikina, kamar rawar jiki ko faɗuwa, kafin in san ikon yana tare da ni?

A'a. Waɗansu sukan ji, waɗansu ba sa ji, ba kuwa da wannan ake aunawa ba. Ma'aunin yana Galatiyawa 5:22-23: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamun kai. Guda tara, ba faɗuwa a cikinsu. Matarka da yaron shagonka sun fi ka sanin ko suna nan.

In haka ne, a ina ake ganin wannan iko?

A bakin mudu. Mai sayar da hatsin da ta daina bubbuga gindin kwano ya lotsa, ta daina zuba tsohuwar masara a ƙasan buhu sabuwa a sama, alhali duk layin haka ake yi, kuma ribarta ta ragu. A ofis, inda fayil ke tafiya ba sai an ba da na goro ba. A ɗakin jarrabawa, ɗalibin da aka miƙo wa amsa ya kau da kai, ya san mai yiwuwa sakamakonsa ya gaza na abokansa. A wurin adashi, wadda ta riga ta kwashi nata amma ta ci gaba da zubi har zagaye ya cika.

Zancen bashi kuwa, bari in ɗan tsaya. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne mai bi ya ci bashin ɗan'uwa, ya sauya bencin da yake zama a majami'a, in an tambaye shi ya ce ai mu 'yan'uwa ne cikin Ubangiji. Na ga zumunci da yawa ya mutu ta nan, fiye da ta hanyar saɓanin koyarwa. Da Yesu ya shiga gidan Zakka mai karɓar haraji, shaidar farko da ta fito ita ce rabin dukiyarsa ga matalauta, da mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta (Luka 19:8). Afisawa 4:28 ta ƙara gaba: ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa, har ya sami abin ba mabukaci. Hannun da ya saba ɗauka ya koma bayarwa. A wurina wannan mu'ujiza ce da ba ta gaza buɗe idon makaho ba, sai dai ba a buga mata fosta.

Sai harshe. Akwai gulmar da ake yi wa ado da "mu sa ta a addu'a". Duk mun san ta.

Ta yaya zan tabbata ma ya tashi? Wani lokaci shakka takan kama ni.

Ba kai ne farau ba. Toma ya yi shekaru yana bin Yesu, amma ya ce gani ya kori ji, sai ya sa yatsa a gurbin ƙusoshi. Yesu bai kore shi ba, ya nuna masa.

Ga abubuwan da nake komawa gare su. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa wajen shekara ta 55, kimanin shekara 25 bayan gicciye. Ya lissafa waɗanda suka ga Ubangiji, har da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, ya ce yawancinsu suna da rai. Mai ƙarya ba ya nuna maka gidan shaidu. Na biyu, dukan Bishara huɗu sun ce mata ne suka fara zuwa kabarin, a zamanin da shaidar mace ba ta da nauyi, har manzannin kansu suka ɗauki maganarsu tatsuniya (Luka 24:11). Mai ƙirƙirar labari da maza zai fara. Na uku, 'yan'uwan Yesu ba su gaskata da shi ba lokacin hidimarsa (Yohanna 7:5), amma ga Yakubu ɗan'uwansa ya zama ginshiƙin ikkilisiyar Urushalima. Me zai sa mutum ya kira wanda suka tashi gida ɗaya Ubangiji? Na huɗu, Yahudawan da suka gaji kiyaye Asabar kaka da kakanni suka fara taruwa ranar farko ta mako. Wani abu ya faru ran Lahadi.

Bulus bai ɓoye nauyin maganar ba. Ya ce in ba a ta da Almasihu ba, wa'azi banza ne, bangaskiya banza ce, muna nan cikin zunubanmu.

Maƙwabcina Musulmi ya ce ba a gicciye Annabi Isa ba. Me zan ce masa?

Ka faɗa masa abin da ka gaskata da dalilinka, cikin tawali'u da ladabi, yadda 1 Bitrus 3:15-16 ta umarta. Shi ma ya gaskata akwai tashin ƙiyama da ranar hisabi, saboda haka ba daga nesa za ku fara ba. Inda kuka rabu shi ne gicciye da kabarin, kada kuwa ka yi kamar ba ku rabu ba. In zance ya fara zafi, ku bar shi ku sha shayi. Maƙwabci yana karanta yadda kake biyan bashi da yadda kake zuwa gaisuwar rasuwa a gidansa fiye da yadda yake sauraron hujjarka.

Wani mai wa'azi ya ce wanda yake da ikon tashi ba ya ciwo, ba ya talauci. Ni kuwa shekara biyar ina fama da ciwon suga. Bangaskiyata ce ta kasa?

Baba, wannan koyarwa ta raunata mutane da yawa, kuma ba ta iya tsayawa a gaban Littafin da take ɗagawa. Ayar da aka fi jawowa ita ce Filibiyawa 3:10, inda Bulus ya ce yana so ya san Almasihu da ikon tashinsa. A nan ake rufe Littafin a yi ihu. Amma jimlar ba ta ƙare ba, ta ci gaba da tarayya cikin shan wuyarsa. Kuma daga kurkuku aka rubuto ta.

Shi Bulus ɗin ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya a jiki, aka ce masa alheri ya ishe shi, gama a cikin rashin ƙarfi ne iko yake cika (2 Korintiyawa 12:8-9). An yi masa bulala arba'in ba ɗaya har sau biyar. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya. Timoti yana fama da ciwon ciki a kai a kai, Bulus kuwa shawarar abin sha ya ba shi, bai ce bangaskiyarsa ta kasa ba.

Mu da muka karɓi bishara a ƙasar nan muna da namu misalin. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara cikin ƙasar Sudan, yadda ake kiran yankinmu a lokacin: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 ciwo ya kashe biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da rashin lafiya. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Daga wannan aiki na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. In da ma'aunin mai wa'azin nan gaskiya ne, Gowans da Kent ba su da iko ke nan. Yesu kuwa ya ce sai ƙwayar alkama ta faɗi ƙasa ta mutu take ba da 'ya'ya da yawa.

Allah yana warkarwa, muna roƙo, mun kuma ga ya yi. Ka kira dattawan ikkilisiya su yi maka addu'a yadda Yakubu 5:14 ta ce. Ka kuma ci gaba da shan maganinka da zuwa asibiti. Duk wanda ya ce ka zubar da magani don ka nuna bangaskiya, ba shi zai kwana da kai a gadon asibiti ba. Jikin da ba ya ciwo yana zuwa, amma sai ranar tashi.

Laya fa? Kakata ce ta ɗaura mini tun ina yaro, don tsari kawai.

Tsari daga wa, kuma da ikon wa? Afisawa 1:21 ta ce an ɗaukaka Almasihu bisa kowace sarauta da iko da kowane suna. Wanda yake da wannan, ya kuma ɓoye guru a ƙugu ko da a ce, ya nuna inda zuciyarsa ta dogara ke nan. Mutanen Afisa da suka tuba sun tara littattafan sihirinsu suka ƙone a fili, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19). Ba su sayar wa wani ba. Ka je wurin fasto ko dattijo ku yi addu'a tare ku rabu da ita, kakarka kuma ka ci gaba da girmama ta, don ƙauna ta yi.

Amma in faɗi gaskiya, akwai layar da ta shigo majami'a da sabuwar riga: ruwa, mai da hankici da ake sa wa farashi. Siman mai sihiri ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20).

An ƙone mana gida, an kashe ƙanena. Kana nufin in gafarta?

Wannan ba tambayar da nake amsawa da sauri ba ce, kuma ba na yin ta a ranar makoki. Wanda bai binne nasa ba ya yi hattara da bakinsa.

Amma tunda ka tambaya, i, can Ubangiji yake kai mu. Gafara ba ta nufin abin da aka yi ba mugunta ba ne. Ba ta hana ka kai ƙara, ko neman hukuma ta yi aikinta, ko tsare iyalinka. Bulus kansa ya tsaya a kan haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma a Filibi, ya kuma ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Abin da aka karɓe daga hannunka shi ne ramuwa (Romawa 12:19), musamman irin wadda ake saukewa a kan matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai yarensa ko addininsa. Tashin Yesu shi ne tabbacin cewa akwai ranar shari'a da alƙalin da aka naɗa (Ayyukan Manzanni 17:31). Ba fayil ɗin da zai ɓace a wannan kotu. Shi ya sa Istifanas, mai bin da aka jefe har lahira saboda bangaskiyarsa, ya iya roƙa wa masu jifansa gafara.

'Yan'uwanmu na EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) sun sha wannan ƙoƙon. Ikkilisiya ce da ta faro a Garkida a 1923, mai koyarwar salama tun asali. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a watan Oktoba na shekarar kuma Boko Haram suka mamaye hedikwatarta a Kwarhi. Ba ta sauya koyarwarta ta koma wa'azin ramuwa ba. Ban ce kowane ɗayansu ya sami abin da sauƙi ba.

In yau ba za ka iya ba, ka faɗa wa Allah hakan ƙarara. Waɗansu daga "Ubangiji, ka hana hannuna" suka fara, aka yi shekaru kafin su iya ambaton sunan mutumin a addu'a.

Laifi ne mai bi ya yi kuka a jana'iza?

Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Masu ibada sun yi wa Istifanas makoki mai zafi. Abin da 1 Tasalonikawa 4:13 ta hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege. A bar gwauruwa ta yi kukanta, a daina ce mata "ba ki da bangaskiya ne?" Abin da ya fi kamata mu ji kunyarsa shi ne jana'izar da ake cin bashin anko da abinci dominta, a watse a bar marayu ba kuɗin makaranta, wani lokaci ma dangin miji su kwashe kayan ɗaki.

Ba zan iya yin wannan ni kaɗai a gida ba? Majami'a ta cika da munafukai.

Akwai su, in ka zo ma za a ƙaru da mai fama guda. Amma yawancin umarnan sabon rai ba sa yiwuwa a ɗaki kai kaɗai: ku haƙurce wa juna, ku gafarta wa juna, ku ɗauki nauyin juna. Wa za ka haƙurce wa in ba mai ɓata maka rai? Garwashin da aka ware daga murhu shi ke fara mutuwa. Ka shiga wata ƙungiya da za a san in ba ka zo ba, ko Zumuntar Mata, ko ta maza, ko matasa, ko mawaƙa, ka kuma riƙa zuwa Jibin Ubangiji.

Me ya sa ranar Ista, bikin tashin Yesu, take yawo, ba kamar Kirsimeti ba?

Domin da wata ake lissafinta, kamar Idin Ƙetarewa na Yahudawa wanda a lokacinsa aka gicciye Yesu. Tun taron shugabannin ikkilisiya a Nikiya a shekara ta 325 aka nemi ikkilisiyoyi su riƙa yin ta rana ɗaya. Ƙa'idar da muke bi ita ce Lahadin da ta biyo bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris, saboda haka takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Kowace Lahadi ma ai tunawa da tashin ce.

Malam, ni ban yi makaranta ba, ba na iya karatu. Ta ina zan fara?

Mama, yawancin masu bi na farko da kunne suka karɓi wasiƙun nan, karanta musu ake yi a taro. Mu kuma an gama fassara mana Littafi Mai Tsarki cikin Hausa tun 1932, yanzu har akwai shi da murya a waya. Ki sa jikanki ya sa miki, ko ya karanta miki Kolosiyawa 3 daga aya ta 1 zuwa 17, kowace safiya har mako guda. A cikin abubuwan da aka ce a tuɓe, ki zaɓi guda ɗaya wanda kika san naki ne. A cikin waɗanda aka ce a yafa, ki zaɓi guda. Ki faɗa wa wata amintacciya a Zumunta ta riƙa tambayarki. In akwai wadda ba kwa gaisawa, ki riga ta gaisuwa ran Lahadi. In jikan ya yi ƙorafin kin tashe shi da sassafe, ki ce Malam ne ya ce, ya zo ya same ni bayan sujada.